Yadda Aka Sauke Baba Mele daga Kujerar Ma'aji

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Babura ya san Baba Mele, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai zanen Barebari a kumatu, wanda yake zama a kan buhu a bakin rumfarsa yana gaisawa da kowa kamar shi ya raɗa masa suna. Ni kuwa ba a kasuwa na san shi ba. Sunana Zubaida, malamar motsa jiki ce ni a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, kuma ni kaɗai ce mace a kwamitin Ƙungiyar Wasannin Bayan Kaka, inda Baba Mele ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ma'aji. Da an bi ta tasa, da bai kai haka ba. Na ga mutane da yawa suna shan wahala wajen neman kujera, amma ban taɓa ganin wanda ya sha wahala wajen rabuwa da ita irin wannan bawan Allah ba.

Kakansa daga gabas ya zo da fataucin kanwa, ya ga Babura ta yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Mele a gindin mudu ya tashi. Yana saurayi yakan ɗaura hatsi a keke ya tsallaka iyaka, ya dawo da yamma da sefa a ɗaure a ƙugu, ƙafafunsa sun yi futu-futu. A hankali keke ya zama amalanke, amalanke ta zama rumfa, daga baya ya gina sito a cikin gidansa. Ya auri Ya Kaka, 'yar ƙanin mahaifinsa, suka haifi 'ya'ya, babbansu Hussain shi yake taya shi a kasuwa. Abin dariyar shi ne, Baba Mele bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, bai taɓa shiga fagen kokawa ba. In ka tambaye shi 'yan wasa nawa ne a fili sai ya ce da yawa.

Su kansu wasannin daga faɗa suka samo asali. Wata shekara samarin Roni da na Gwiwa suka buga ƙwallo, aka tashi da fasa kai, har aka kwantar da wasu a asibiti. Masu zafin rai suka ce a hana wasan gaba ɗaya. Dattawa suka ce hanawa ba za ta yi ba, yaran za su koma inda ba a ganin su ne kawai, gara a tara su wuri guda a ƙarƙashin idon manya. Haka aka kafa ƙungiyar. Kowace shekara, in an gama kai amfanin gona gida, gari ɗaya ne zai karɓi baƙi: bana Kazaure, baɗi Roni, sai Gwiwa, sai Babura, a sake zagayowa. Mutanen Achilafiya su ma suna kawo tawagarsu. Ana kokawa, ana langa, ana ƙwallon ƙafa da tseren keke, tsofaffi suna dara a gindin darbejiya. Daga baya, da na ishe su da mita, aka ƙara gudun 'yan mata.

Ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce, kuma ba ta neman riba. Ba mai ɗaukar albashi a cikinmu. Shugabanmu ma, Alhaji Sama'ilu, da man babur ɗinsa yake zuwa taro. Abin da take ci daga hannun manoma yake fitowa. Da kaka kowace unguwa za ta tara abin da ya sawwaƙa, wani kwano, wani dami, mai hali ya ba da buhu. To wa zai riƙe? Nan aka dubi Mele, lokacin yana da ƙarfinsa, aka ce ga mai sito, ga wanda ya san lokacin da hatsi yake tashi, ga kuma mutumin da ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Ya ce to, zai riƙe na shekara biyu. Haka ma tsarin ƙungiyar ya ce, a yi zaɓe duk shekara biyu.

Wallahi ya iya aikin. Yakan adana geron har damina ta yi nisa, hatsi ya yi daraja, sannan ya sayar, ya sayi maruƙa ya kai wa Daudu. Shi Daudu Bafillace ne da ke zaune a bayan Gwiwa, yana noma yana kiwo, kuma shi ya ɗauki nauyin kiwata wa ƙungiya shanunta. In wasa ya ƙarato sai a fitar da bijiman da suka ƙosa a kai kara. Da su ake sayen kekuna da keken ɗinki na kyauta, da su ake ciyar da 'yan wasa, da su ake sallamar direbobin da suka kwaso yara daga ƙauyuka. Ba a taɓa yin shekarar da aka ce an fasa wasa saboda babu ba.

Mele da Daudu sa'o'in juna ne, kuma kun san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani. Ban taɓa ganin sun haɗu sun gaisa kamar mutane ba. Daudu zai hango shi daga nesa ya ce ga bawansa nan ya iso, a ba shi ruwa. Mele ya ce a taimaka a nuna wa ɗan daji yadda ake zama a kujera. Su yi ta yi har sai na kusa da su sun riƙe ciki. Ba mai fushi, don wasan ya girme su duka biyun, sun tarar iyayensu suna yi.

To zaɓen fa? Ana yi, ba a taɓa tsallakewa ba. An sauya shugaba, an sauya sakatare ya fi a ƙirga. Amma in aka zo kan kujerar ma'aji, mai jan taro zai ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai nema, sai kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa. Wa zai miƙe a gaban Baba Mele ya ce yana son kujerarsa? Rabin mutanen da ke wurin, shi ya ba iyayensu iri shekarar da ruwa ya ɗauke. Sai wani ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a ce amin, a wuce.

Matsalar da ba wanda ya kula da ita ita ce, duk abin da ƙungiya ta mallaka a jikin mutum ɗaya yake. Geronta a sitonsa yake, kafaɗa da kafaɗa da nasa. Shanunta, dillalai sun san Mele ne ya saya. Ɗan abin da ya rage bayan wasa kuwa a asusunsa na banki yake kwana, don ƙungiyar ba ta da nata. Muddin yana numfashi, ba abin da zai ɓace. Shi ya fara tunanin ranar da ba ya nan.

Abin da ya tayar masa da hankali, wani maƙwabcinsa ne a kasuwa, mai sayar da wake, mutumin kirki. An ba shi ajiyar hatsin da aka tara don gyaran masallacin unguwarsu. Ya tashi lafiya ƙalau, ya ci kasuwa, a hanyar gida Allah ya yi masa rasuwa. Da aka zo rabon gado 'ya'yansa suka ce duk abin da ke cikin ɗakin ajiya na ubansu ne, mutanen masallaci suka ce akwai nasu a ciki. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan, ba wanda ya san iyakar dai. Maganar ta kai gaban alƙali, sunan mamacin ya koma abin taunawa a teburin mai shayi. Baba Mele yana zaune aka yi komai. Ba a daɗe ba jiri ya ɗebe shi a rumfa, likita ya ce hawan jini ne.

Ni da Ya Kaka mun saba, duk na je Babura horar da 'yan matan can a ɗakinta nake sauka. Ita ta gaya mini yadda mutumin ya koma. Ya rame, magana ta ragu. Wata rana mai saye ya zo da mota, Hussain ya yi kuskure ya loda buhuna daga ɓangaren ƙungiya. Baba Mele, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya tsaya a ƙofar gida ya wanke magidanci mai 'ya'ya tas a gaban leburori, aka sauke kayan aka mayar. Bayan ya huce ya ce wa Ya Kaka ba wai yana zargin 'ya'yansa ba ne. Tsoronsa shi ne ya mutu su ci abin da ba nasu ba, ba su sani ba, shi kuma a tambaye shi a kabari.

Don haka a taron da muka yi a Roni ya miƙe, ya yi sallama, ya ce yana roƙon a sauwaƙe masa. Ya ce ya tsufa, ba shi da lafiya, a ba wani. Ya koma ya zauna. Alhaji Sama'ilu ya yi gyaran murya, ya ce a shafa fatiha, aka tashi ba a ko taɓa sauran batutuwan ba. Muna fita tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa ya ɓata wa Baba rai?

Kun dai san mu. A wurinmu babba ba ya ajiye abu haka kawai. In ya ce ya ajiye, to an taɓa shi ne, kuma ba zai faɗi wanda ya taɓa shi ba. Aikin na ƙasa ne su yi bincike, su gano mai laifi, su tasa shi a gaba a je a ba da haƙuri. Ba a sha wahalar nema ba. Sakatarenmu, Zaharadeen, malamin firamare ne daga Roni, mutum mai sanyin hali. Watannin baya ya taɓa kawo shawara a buɗe wa ƙungiya asusu da sunanta. Aka ce ai ga shi nan, a fakaice ya kira Baba ɓarawo. Bawan Allah ya rantse har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi.

Aka cika ƙaramar bas da dattawa, aka sayi ƙwaryar goro, aka nufi Babura. Ni ina cikin gida wurin Ya Kaka, amma duk abin da ake faɗa a zaure muna ji. Aka sa Zaharadeen ya durƙusa. Baba Mele ya ɗaga shi da hannunsa, ya rantse ba wanda ya yi masa laifi, ya ce shawarar yaron nan ita ce magana mafi kyau da ya ji a ƙungiyar. Ya ba su labarin mai wake, ya faɗi abin da likita ya ce, bai ɓoye komai ba. Kun san me suka yi? Suka dubi juna suna gyaɗa kai, wai ka ji dattako, har yana kare wanda ya ci masa mutunci. Alhaji Sama'ilu ya ce ba za su tashi daga tabarmar nan ba sai Baba ya janye. Ga tsofaffi masu furfura suna roƙo, ga baƙi a zaurenka, ga abinci an fito da shi sun ƙi sa hannu. Yaya zai yi? Ya janye. Ya Kaka ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin takaicin, daga ranar maganar asusu ta zama haram a taronmu. Zaharadeen in ya ji an ambaci banki sai ya sunkuyar da kai kamar an kira sunan surukarsa.

Shekara ta zagayo, wasa ya zo Babura, Baba Mele ya sake gwadawa. Wannan karon sai aka ce an gano inda gizo yake saƙa, ba a karrama shi ba ne yadda ya kamata. Aka ɗinka masa babbar riga mai aiki har ƙasa. Ranar rufe wasa, bayan an raba kyaututtuka, aka fito da shi tsakiyar fili aka zura masa, mai sanarwa ya faɗa a lasifika cewa daga yau Baba Mele ma'aji ne muddin rai. Jama'a suka ɗauki tafi, makaɗan kokawa suka saki kiɗa. Ina kusa da shi, na ga fuskarsa. Muddin rai, in ji su, alhali abin da mutumin yake gudu ke nan. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa, na koma wurin 'yan matana.

Kada ku ce ban yi magana ba. A zama na gaba na ce musu, jama'a, mutumin nan fa da gaske yake. Aka yi murmushi, aka ce Malama Zubaida ba ta san halin manya ba. Wani ma ya ƙara da cewa mata in an faɗi magana samanta suke ɗauka. Na tattara jakata na fito kafin in faɗi abin da zan yi nadama. Maigidana ne ya sha sauran, har ya ce ko in bar kwamitin ko in bar shi ya ci tuwonsa lafiya.

Mafitar daga wurin Ya Kaka ta zo. Wata ranar Asabar na same ta a tsakar gida tana haɗa turaren wuta, na zauna ina ta zuba, ina cewa mutanen nan za su kashe shi da girmamawa. Ta bar ni na gama.

"Duk kunyarsa suke ji, 'yata," in ji ta. "Mutum ɗaya ne a ƙasar nan ba ya jin kunyarsa."

Sai na gane Daudu take nufi. Ta ce in je in same shi, tun da ina zuwa Gwiwa, amma kada Baba Mele ya ji. In ya ji zai hana, zai ce an shirya wa dattawa dabara, in ma bai hana ba fuskarsa za ta tona shi.

Ranar kasuwar Gwiwa na hau ɗan acaba har gidan Daudu. Matarsa Shatu ta dama mini fura, shi kuma ya zauna a kan turmi yana saurare. Na zaci zai fashe da dariya. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce ya daɗe yana ganin ramar abokinsa, ya ɗauka ciwon ne kawai. Sannan ya faɗi abin da ban yi tunani ba. Ya ce abin da ya raba wasa da zagi shi ne wanda aka yi wa ya yi dariya. In ya tashi a gaban mutane ya taɓa kujerar Mele, Mele bai yi dariya ba, to ya tozarta amininsa da tsufansu, kuma babu goron da zai gyara wannan. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce Ya Kaka ce ta aiko ni. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, ya ce bai yi alkawari ba, sai ya ga idon Mele.

Taron zaɓe a Gwiwa aka yi shi, a harabar wata makarantar firamare, da hantsi, wakilan garuruwa duk sun hallara a kan tabarmi. Baba Mele yana gefen shugaba, da makullin sito rataye a wuyansa kamar kullum. Daudu ba ɗan kwamiti ba ne, yana zuwa ne ya faɗi halin da shanu suke ciki ya tafi. Aka kira shi, ya faɗi wanda ya ƙosa da wanda ya yi ɗingishi, aka yi masa godiya. Sai bai zauna ba. Ya jingina da sandarsa yana kallon Mele.

"Ranka ya daɗe, ina da ƙara," ya ce wa Alhaji Sama'ilu. "Wannan Babarbaren bawana ne, kowa ya sani. Aro na ba ku shi na shekara biyu, kuka riƙe mini shi har ya yi furfura. Ku dube shi, kun tsotse shi ya koma kara. Yau na zo karɓar abina. Na sauke shi."

Ba wanda ya motsa. Wasu sun buɗe baki za su yi dariya suka fasa, suna jiran su ga yadda Baba zai ɗauka. Shi kuwa ya zuba wa Daudu ido. Na ga fuskarsa ta ɗaure, na ce a raina shi ke nan, mun ɓata goma ba mu gyara ɗaya ba, yaya zan dubi Ya Kaka? Daudu bai kau da kai ba. Ban san abin da suka karanta a idon juna ba, amma can sai na ga kafaɗun Baba Mele sun fara rawa.

"Yaushe Bafillace ya samu bawa," in ji shi, "kai da rigar da ke jikinka ma ni na saya maka? Amma tun da ka yi magana a gaban mutane, ba zan kunyata ka ba."

Nan fa wuri ya kece da dariya. Cikin dariyar ya sa hannu ya cire makullin daga wuyansa ya miƙa wa Daudu. Daudu ya karɓa da yatsu biyu kamar ya ɗauki ɓera, ya je ya ajiye a gaban shugaba. Alhaji Sama'ilu yana share hawayen dariya ya ce to madalla, wasa ya yi kyau, a mayar wa Baba makullinsa a ci gaba. Wani dattijo daga Roni har ya fara cewa in ma akwai abin da aka yi wa Baba, a yi haƙuri.

"Haƙurin me?" in ji Daudu. "Ni na sauke shi, ni kuma ba na ba Babarbare haƙuri."

A nan suka maƙale. Ba fushi aka yi ba balle a je biko. Ba mai laifin da za a durƙusar, ba inda za a kai goro, don kowa ya san abin da abokin wasa ya yi maka ba a kai ƙararsa. Alhaji Sama'ilu ya ɗauki makullin ya miƙa wa Baba Mele da hannu biyu. Baba Mele ya mayar da hannuwansa baya. Har yanzu bakinsa yana murmushi, amma hawaye yana bin zanen kumatunsa yana shiga gemu.

"Ku dubi Allah ku bar shi a inda yake," ya ce. "Ina so in mutu da abina kaɗai."

Dariyar ta ɗauke. Alhaji Sama'ilu ya tsaya da makulli a hannu, ya dube shi kamar yau ya fara ganin sa, ya ce ashe da gaske kake, Baba. Na so in ce shekara nawa ana gaya muku, amma na haɗiye. Ni kaina na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Baba Mele ya roƙi alfarma ɗaya, ya ce Zaharadeen ya tashi ya maimaita shawararsa ta bara waccan. Malamin ya miƙe yana dube-dube kamar mai jiran duka. Ya faɗa, aka tattauna har azahar, kuma abin mamaki, mutanen da suka durƙusar da shi su ne suka fi kowa cewa ai dama sun san maganar tana da kyau. Aka amince a yi wa ƙungiya rajista, a buɗe mata asusu da sunanta, kada a fitar da komai sai mutum uku daga garuruwa daban sun sa hannu. Aka ce a kama hayar sito a Kazaure, a sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugaba. Shanun a yi musu shaida a kunne. Ma'aji ya yi bayani a bainar jama'a kowace shekara, kuma ba wanda zai wuce zaɓe biyu a kujerar, ko da waliyyi ne. Aka zaɓi Musaddiƙ, mai shagon magani a Roni. Ni kuma aka maƙala mini zama ɗaya daga cikin masu sa hannu, wai tun da bakina ba ya shiru. Yanzu ni ce a layin banki da rana tsaka.

Ban ce komai ya tafi sumul ba. Musaddiƙ ba shi da hancin Baba Mele a kan hatsi, shekarar farko ya yi gaggawar sayarwa, sai da muka rage yawan kekuna. An yi gunaguni, an yi masa tambayoyi a taro har ya yi gumi, ya amsa, ba wanda ya je ba shi haƙuri. Yanzu in lokacin sayarwa ya ƙarato yakan hau babur ya je Babura ya zauna a bakin rumfa, Baba Mele ya ba shi shawara kyauta. Daudu kuwa har yau yana bin mutane yana cewa a biya shi ladan aron bawansa.

Amma ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ranar da aka je kwashe geron. Ina cikin waɗanda aka tura su shaida. Mota ta tsaya a ƙofar gida, leburori suka yi ta fita da buhuna, Baba Mele yana tsaye yana nuna musu. Da aka gama, Hussain ya ɗauko tsintsiya, uban ya karɓe. Shi da kansa ya sunkuya ya share wurin, ya tattara ƙwayoyin da suka zube, ya sheƙe su a faifai, ya sa aka kwance bakin buhu ɗaya a kan mota aka juye. Direba yana ta dariya, shi ko a jikinsa.

Motar ta tashi. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya dawo ya zauna a dokin ƙofar siton, ya miƙe ƙafafu. Ya Kaka tana bakin ɗakinta, ni ina kusa da ita. Ya kira Hussain, ya ce ya zauna.

"Duk abin da ya rage a gidan nan naku ne," ya ce. "Ko yau Allah ya kira ni, ku raba, ba sai kun tambayi kowa ba."

Hussain ya ce Allah ya ja da rai, Baba, wace irin magana ce wannan. Baba Mele ya yi dariya, ya ce magana ce mai daɗi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mutum yana zancen mutuwarsa fuskarsa a sake haka ba.